Abin da Ya Sari Mai Faci

"Inna, ba sai kin faɗi sunansa ba," na ce, ina durƙushe a gabanta. "Launinsa kawai za ki gaya mini. Baƙi ne, ko mai zane-zane?"

Ba ta dube ni ba. Idanunta na kan hannun mijinta, wanda yake zaune bisa wata tsohuwar taya, ya ɗora hannun a gwiwarsa kamar ajiyar wani aka ba shi. A gefen tafin, ƙasa da ƙaramin yatsa, akwai ɗigon jini biyu kusa da juna, ƙanana ƙwarai, waɗanda da ba a nuna wa mutum ba zai ce ƙaya ce.

"Abin ƙasa ne," ta ce. "Ya yi abin da ya kawo shi, ya tafi. Ka bar maganar nan."

Baba Mai Faci maƙwabcina ne. Bango ɗaya ya raba ɗakin da nake haya da gidansu, kuma tun da na tare a layin ban taɓa kwana da yunwa ba saboda shi da matarsa. Rumfar facinsa tana ƙofar gida. A bayan gida kuwa ya tara tsofaffin tayoyi har sun kusa kai tsayin katanga, kuma a cikin ɗayarsu kazar Inna ta saba yin ƙwai. Da safiyar nan, bayan ruwan da aka kwana ana yi, ya zura hannu don ya ɗauko mata ƙwan. Shi dai zafi ya ji, ya fizge hannunsa, ya faɗi zaune. Inna ce, da take tsaye da kwanon dusa, ta ga abin daga kai har wutsiya lokacin da ya fito ya bi gindin katanga ya fice ta wuriya. Ihunta ne ya fito da ni daga ɗaki, ƙafa ɗaya da takalmi.

"Inna, ki yi wa Allah. Ko dai ku..."

Ban ƙarasa ba. Ta rufe mini baki da tafinta mai warin dusa, da ƙarfin da ban taɓa zaton tana da shi ba.

"Kada ka kuskura! Yana zaune yana ji za ka kira masa suna?"

Baba ya yi dariya, ko da yake gumi na tsattsafo masa a goshi.

"Difloma, ka ƙyale mini mata ta huta. Shekara da shekaru muna tare, ni da na biya sadakinta ba ta taɓa kiran sunana ba. Sai na baƙon da ya kwana ɗaya a cikin taya za ta kira?"

Difloma shi ne sunan da ya laƙaba mini tun ranar da na nuna masa takardar shaidar karatuna na gwaje-gwajen asibiti, kuma duk layin suka ɗauka. Aiki bai samu ba tukuna. Ina koyar da yara kimiyya a wata ƙaramar makaranta da yamma.

Kafinta, wanda shagonsa ke kallon rumfar Baba, ya shigo da gudu riƙe da sabuwar reza da tsinken robar taya. Na tare shi kafin ya isa.

"Kawu, ba a tsagawa, ba a ɗaurewa. Ka ba ni guntun katako da ƙyalle, mu tallafe hannun kada ya motsa. Sa'an nan ka tayar da mota."

"Tun kafin a haife ka muke tsagawa," in ji shi, amma ya mayar da rezar aljihu.

Ya kamata in bayyana abin da ya sa na matsa wa tsohuwa a irin wannan lokaci. Asibiti biyu ne muke iya zuwa. Akwai ƙarami a kusa, inda na yi aikin koyo, na kuma san abin da ke cikin firijinsa: allurar kashe dafi iri ɗaya tak, ta macizan da ke tsinka jini, irin su kububuwa. Akwai babba a nesa, tafiyar rabin safiya a kan hanya mai ramuka. A can ne kaɗai ake da allurar ɗaya nau'in, na macizan da ke fasa kai, waɗanda dafinsu ba ya taɓa jini, sai dai ya bi jijiya ya kashe gaɓɓai ɗaya bayan ɗaya har ya tsayar da numfashi. A can ne kuma kaɗai ake da injin da ke yi wa mutum numfashi har dafin ya sake shi. Wanda kububuwa ta sara yana da sauran lokaci. Wanda mai fasa kai ya sara, safiyar nan ce kaɗai jarinsa.

A makaranta an koya mana a sauko da magana mataki-mataki: dabba, daga nan mai jan ciki, daga nan maciji, har a iso kan nau'in da ake nema, domin magani yana can a matakin ƙarshe. Inna kuwa hawa take yi. Ba za ta ce maciji ba sai abin ƙasa, kuma da na ƙara matsa mata sai ya koma "abin", daga nan ya koma "shi".

Motar Kafinta tsohuwar bas ce da ya cire kujerun bayanta yana ɗaukar katako. Muka shimfiɗa tabarma a kan garin katakon da ya cika ƙasanta. Baba ya ƙi yarda a ɗauke shi. Da ƙafarsa ya shiga, yana waiwayen rumfarsa.

"Ga tayar mai babur can na cire ban manne ba," ya ce. "Zai zo ya ce na gudu da ita."

A mararrabar da ke bakin gari Kafinta ya taka birki ya waiwayo.

"To, hagu ko dama?"

Hagu ƙaramin asibiti, dama babban.

"Dama," na ce. "Can akwai duka biyun. Ko wanne ne, ba mu yi asara ba."

"Kai, Malam Difloma!" in ji Kafinta. "Motar nan in ta kai can da zafin nan, ni ma sai an ba ni gado." Ya sunkuyo ya rage murya don kada Inna ta ji. "'Yar gajerar nan ce mai zane, ita ce ta cika bayan layinmu. Bara na kashe biyu a ƙarƙashin katako. Nan kusa suna da allurarta, a yi masa mu koma."

"Ba ka gan shi ba, Kawu. Mutum ɗaya ne ya gani."

Na fito da wayata, na nemo hotuna, na miƙa wa Inna.

"Ba sai kin buɗe baki ba. Ki ɗora yatsa kawai a kan wanda ya yi kama da shi."

Ta juya fuskarta ga taga, ta ture wayar da bayan hannu.

"Wanda ka nuna ai ka kira shi."

"To, mu sauka ni da ke, mu je can gindin bishiya inda Baba ba zai ji ba, ki raɗa mini a kunne."

"Ɗan nan," ta ce, "ka ɗauka wauta ce ke damuna? Ina yarinya aka sari yayana a gona. Aka kawo shi gida yana zaune kamar yadda wannan yake zaune, yana shan ruwa, yana yi wa ƙannensa wasa. Babu wanda ya ambaci sunan abin. Sai wani mai surutu ya faɗo gidan yana ihu, wai shi ya ga abin, wane ne, ya kira sunan da ƙarfi. Ba a jima ba yayana ya kife. Ina tsaye a wurin. Mahaifiyarmu har ta koma ga Allah tana cewa dafi barci yake yi a jiki, sunan mai shi ne ke tashe shi. Ka ce in je gindin bishiya? Tsakanin bakina da kunnen mai gidan nan babu nisa, ko ina na je."

Na buɗe baki zan yi bayani, Baba ya riga ni.

"Difloma, dubi hannun nan. Ya kumbura?"

Bai kumbura ba, sai ɗan tashi kaɗan a bakin saran. Wannan ne ma abin da ya fi tayar mini da hankali, domin saran kububuwa yakan kumbura. Amma na san kuma maciji yakan sara wani lokaci bai zuba dafi ba. Ba ni da wata hujja a hannu sai tsoro, kuma duk layinmu sun san ni da tsoro. Ni ne mai tafasa ruwan famfo kafin in sha. Ni ne na taɓa tilasta wa Kafinta zuwa gwajin jini saboda ciwon kai, ashe sabuwar hularsa ce ta matse shi. Kalma ɗaya daga bakin Inna da ta juya sitiyarin motar nan ba tare da gardama ba, maganata kuwa ba ta da wannan nauyin.

"Hagu," in ji Baba. "Babban asibiti mutum ya shiga da ƙafarsa, a ba shi lamba, ya wuni a kan benci. Hagu, Kafinta."

Muka bi hagu.

Sistar da ke kan aiki ta gane ni. Mace ce mai jiki, mai saurin magana, wadda ta sha yi mini faɗa a kan yawan wanke hannu har sabulu ya ƙare.

"Ɗalibinmu, yau kai ne da majinyaci? Kwantar da shi nan." Ta duba hannun, ta juya ga Inna. "Mama, wane iri ne?"

"Na ƙasa."

"Duk na ƙasa ne, Mama, ba a taɓa kawo mana na sama ba. Wane iri a cikinsu?"

Inna ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafinta. Sista ta dube ni, na girgiza kai. Ta yi ajiyar zuciya irin ta wadda ta saba.

"Haka suke yi mana kullum. To, jini zai faɗa."

Ta ɗebi jini ta zuba a busasshiyar kwalbar gwaji, ta tsayar da ita a kan taga. Gwajin ba shi da wuya: a bar jinin ya ɗan jima, sa'an nan a karkata kwalbar. In ya zubo kamar ruwa, dafin mai tsinka jini ne, sai a yi allura. Na tsaya a gaban tagar ina kallon kwalbar, a raina ina roƙon Allah ya sa jinin ya zubo, abin da ban taɓa zaton zan roƙa wa wani ba. Da lokaci ya yi Sista ta karkata ta. Jinin ya daskare, ya manne a gindin kwalba bai motsa ba.

"Alhamdu lillahi!" in ji Kafinta. "Kun gani? Lafiyarsa ƙalau."

"Mai yiwuwa saran banza ne," in ji Sista. "Amma ba zan sallame shi ba sai Likita ya gani."

Na bi ta har bakin ƙofa.

"Sista, jini ya daskare, hannu bai kumbura ba. Saura abu biyu: ko babu komai, ko ɗaya nau'in ne. In ɗayan ne, zaman nan da muke yi..."

"Na sani, ɗalibi. Amma ba ni ce mai rubuta takardar tura majinyaci ba, kuma ba zan tayar da tsoho tafiya mai nisa a kan ƙila-wa-ƙala ba. Da matarsa ta ce mini ga abin da ta gani, da yanzu kuna hanya. Likita yana ɗakin tiyata, wata ce haihuwa ta zo mata da gardama. Ka zauna kusa da shi, ka sa ido. In ka ga wani canji ka kira ni."

Na zauna na sa ido. Ɗakin gado huɗu ne, fanka ɗaya na juyawa a hankali tana ƙara kamar za ta faɗo. A gadon da ke kusa wani dattijo ne da ƙafa a naɗe, Baba har ya fara yi masa bayanin yadda ake gane tayar da aka yi wa fenti aka sayar a matsayin sabuwa. Inna na zaune a ƙasa, ta jingina da ƙafar gadon, tana jan carbi. Na lura hankalinta ya ɗan kwanta. A ganinta shirun da ta yi yana aiki, ga shi kuwa mijinta na zaune yana hira.

Rana ta yi sama. Kafinta ya fita ya sayo ruwa ya dawo. Sau da yawa na durƙusa kusa da Inna, sau da yawa ta ɗaga mini hannu tun kafin in yi magana.

Wajen azahar Baba ya yi shiru a tsakiyar magana.

"Barci nake ji, Difloma," ya ce. "Ruwan jiya ya hana ni runtsawa."

Na dube shi. Fatar idanunsa ta sauko ta rufe rabin ƙwayar. Ya ɗaga gira yana ƙoƙarin buɗe su, goshinsa ya tattare, amma ba su ɗagu ba. Sai ya mayar da kansa baya don ya hango ni ta ƙasansu.

"Baba, ka kalli yatsana."

"Wanne? Ku biyu nake gani. Kai, Difloma ɗaya ma ya ishi layinmu."

Dattijon gadon kusa ya yi dariya. Ni kuwa na riga na kai bakin ƙofa ina kiran Sista da muryar da ban san ina da ita ba.

Kafin Likita ya fito, maganar Baba ta fara nauyi kamar mai tauna tsumma, kuma miyau ya fara bin gefen bakinsa, ya kasa haɗiyewa. Inna ta miƙe tana share masa da mayafi, tana sharewa yana dawowa. Likita ya shigo da sauri, matashi ne mai jajayen idanu, rigar tiyatarsa da ɗigon jini. Ya ɗaga fatar idon Baba da babban yatsa ya saki, ta faɗo. Ya ce ya fito da harshe, harshen ya tsaya a bakin haƙora.

"Tun yaushe yake nan? Wa ya ga macijin?"

Inna ta zabura da jin kalmar. Likita bai jira ba, ya juya ga Sista yana ba ta umarni, a kawo jakar hura iska, a kira babban asibiti a ce su shirya gado.

Sai na ga Inna ta gyara ɗaurin zanenta. Ta zagaya ta kan gadon, ta sa tafukanta biyu ta toshe kunnuwan mijinta, ta danne sosai har yatsunta suka yi fari. Ta rufe ido.

"Gamsheƙa ce," ta ce. "Baƙa, doguwa, ta fi tsawon hannuna biyu. Da ta fito ta miƙe ta fasa kai ta dube ni, sa'an nan ta tafi. Na faɗa. Ku yi masa allurar."

Likita ya dakata ya dube ta.

"Na sani, Mama. Idanunsa sun riga sun gaya mini. Allurar ba mu da ita a nan. Da tun da safe ne..." Ya haɗiye sauran. "Ku ɗauko shi."

Ta tsaya da hannuwanta a kunnuwansa, tana kallon bayan Likita.

Motar asibitin ta fita tun da hantsi da wani majinyaci, don haka bas ɗin Kafinta muka koma. Wannan karon ɗaukarsa muka yi, kansa na lilo, sai da na tallafe shi da hannu. Sista ta shigo tare da mu riƙe da jakar hura iska, wata roba mai kama da ƙwallo wadda ake kifa bakinta a hanci da baki, a riƙa matsawa tana tura iska cikin huhu. Ba mu fita daga gari ba ƙirjin Baba ya daina tashi da kansa sai da ƙyar. Sista ta kifa masa robar ta riƙe da hannu biyu, ta ce ni in matsa.

"Da numfashinka za ka auna. In ka ja, ka matsa. Kada ka yi sauri, kada ka tsaya, ko me ya faru."

Muka wuce mararrabar, muka bi dama. Kafinta yana tuƙi yana salati a fili, motar na faɗawa rami tana fita, kuma duk faɗawa sai bakin robar ya goce daga fuskar Baba, iska ta tsere ta gefe da ƙara kamar tayar da ƙusa ta huda, Sista ta mayar da shi. Garin katako ya tashi ya manne mana a gumi.

"Yana jinku fa," in ji Sista. "Jikin ne ya mutu, hankalinsa na nan. Ku yi masa magana."

Na ce, "Baba, mun kusa," alhali ba mu kusa ba.

Inna ta riƙo hannunsa mai lafiya. Ta sunkuya kusa da kunnensa.

"Mai gidan nan, kana ji na? Na aika a kira 'yarka, tana hanya da yaran. Ka ce za ka gyara wa ƙaramin kekensa, kada ka sa ya ce kakansa maƙaryaci ne." Ta ƙara matse hannunsa. "Na toshe maka kunne fa. Na toshe da ƙarfi. Ka ji abin da na ce? In ka ji, ka yafe mini."

Yatsansa manuni ya motsa a cikin tafinta, ya ɗan ɗaga ya sauka. Ban san abin da yake nufi ba, kuma ban yi zaton ita ma ta sani ba.

Hannuwana suka fara ciwo, daga nan suka daina jin komai. Ina ja, ina matsawa. Na daina kallon hanya, na tsayar da idona a kan ƙirjinsa, a kan tsohuwar rigarsa mai tabon gam, tana tashi tana sauka da hannuna. A wani wuri da kwalta ta ƙare aka shiga tsakuwa, sai wani ruwa ya taso masa daga ciki ya cika robar. Sista ta cire ta, muka juya shi gefe, ta sa yatsa da ƙyalle tana kwashewa, ta mayar, na ci gaba. Amma yanzu jakar ta yi tauri a hannuna, kuma ƙirjin ba ya tashi kamar da. Leɓɓansa suka canza launi.

Sista ta sa yatsu biyu a wuyansa. Ta matsar da su, ta sake dannawa.

"Direba, tsaya."

Kafinta ya gangara gefen hanya. Ta hau kansa tana danna ƙirji, tana ce mini in matsa, in dakata, in matsa. Ta daɗe tana yi, har gumi na ɗiga daga haɓarta a kan rigarsa. Daga bisani ta zauna a kan dugaduganta, ta duba idonsa da hasken waya, ta sauke hannuwanta.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Mama, sai haƙuri."

Kafinta ya kashe mota, ya kifa kansa a kan sitiyari. Wurin fili ne, babu gida ko ɗaya, sai gonaki jiƙaƙƙu da wasu shanu can nesa. Ban san ina ci gaba da matsa jakar ba sai da na ji hannun Inna a kan nawa.

"Saki, ɗana. Ya isa."

Ta ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya. Ta cire robar daga fuskarsa, ta share masa baki da gemu, ta gyara masa wuyan riga. Ba ta yi kuka ba. Ta dube ni da busassun idanu.

"Kai ka yi karatu. Ka faɗa mini gaskiya, kada ka ji kunyata. Yana zaune yana wasa da mutane tun safe. Ina faɗa, aka ɗauko shi kamar tsumma. Ni na tayar da dafin, ko?"

"A'a, Inna," na ce da sauri. "Wallahi a'a. Dafi ba shi da kunne. Tun da ya shiga yake tafiya a jiki, ko an kira suna ko ba a kira ba. Kafin ki buɗe baki idanunsa sun riga sun rufe, ke ma kin gani. Faɗar da kika yi ba ta ƙara masa komai ba."

Ta gyaɗa kai a hankali. Na ga kafaɗunta sun ɗan sauka. Sa'an nan ta tsaya cik, idanunta suka bar fuskata suka koma kan hanyar da muka biyo.

"Ba shi da kunne," ta maimaita. "To, da na faɗa tun da safe, a mararraba, da ka tambaye ni..."

Ba ta ƙarasa ba.

"Mama, kwanansa ne ya ƙare," in ji Sista. "Wanda aka kai da wuri ma yakan tafi. Kada ki ɗora wa kanki."

"Haka ne," na ce. "Kwana ne."

Inna ta matsa ta zauna sosai a kan tabarmar, ta ɗago kansa da hannu biyu ta ɗora a cinyarta, ta cire mayafinta ta lulluɓe shi daga fuska zuwa ƙirji. Mayafin bai kai ƙafafunsa ba.

Kafinta ya share fuska da hularsa, ya tayar da mota. Hanyar ƙunci ce, sai da ya yi gaba ya yi baya kafin ya juya kan bas ɗin zuwa gida. Tayar baya ta faɗa wani rami, motar ta girgiza.

"Ka bi a hankali, ɗan'uwa," in ji Inna, ba tare da ta ɗago ba. "Kansa yana buguwa."

Ya rage gudu har ya zama kamar tafiyar ƙafa. Wani mai keke ɗauke da damin ciyawa ya zo ta gefenmu, ya leƙo ta taga, ya wuce mu.